WUTAR DA KE CIKIN HOTO: TARIHIN FILASH DAGA GARIN ALBARUSHI ZUWA TARONMU NA HAƊEJIYA

 

Ina neman afuwa domin abin da na ɗauko a wannan fitowa ba tarihin yaƙi ko na sarauta ba ne. Tarihin wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, watau fitilar nan da masu hoto ke ɗorawa a kan kyamara, wadda suke kira filash. Waɗanda suka halarci taronmu na bayan Ƙaramar Sallar shekarar 2024, wadda ta faɗo a watan Afrilu, sun san dalilin da ya sa na ɗauko ta.

Ga waɗanda ba su sami zuwa ba, ga abin da ya faru. Tun hantsi yaron da muka ɗauka aikin hoto yake kai da kawowa a cikin ɗakin taro, kowa na jan rigarsa: wannan ya ɗauke shi da abokin kwanansa, wancan da malamin ajinsa. Sai da rana ta faɗi, muka idar da sallar Magariba, sa'an nan aka tuna da babban hoto na kowa da kowa. Aka jera kujeru, aka zaunar da malamai a gaba, mu kuma muka yi sahu uku a baya. Yaro ya danna sau biyu, na uku filash ya ƙi tashi. Ya canza batir, shiru. Ya ce a ba shi minti goma na'urar ta huce. Nan fa surutu ya tashi, wasu na cewa kayansa jabu ne, wasu na cewa bai san aikinsa ba. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, ina cikin masu faɗa. Tsohon malaminmu na kimiyya ne kaɗai ya ɗaga hannu daga inda yake zaune ya ce, "'Ya'yana, ku ƙyale yaron nan. Wuta ce ta gaji, ba shi ba."

Kafin minti goman ya cika dattawa uku sun miƙe, domin gidajensu da nisa kuma dare ya yi. Hotuna biyun farko, ɗaya rabin sahu na waige, ɗaya kuma duhu ya cinye na baya. Wanda aka ɗauka daga ƙarshe ya yi kyau, amma kujeru uku na gaba babu kowa a kansu. Ɗaya daga cikin dattawan nan uku ya riga mu gidan gaskiya kafin taro na gaba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Maganar malaminmu ta tsaya mini a rai, har na bi diddigin tarihin wannan fitila. Abin da na gano shi ne, tun ranar da aka fara ɗaukar hoto a cikin duhu, hasken da ake yi da shi wuta ce, kuma babu zamanin da mai hoto bai biya kuɗin zafinta ba.

ZAMANIN DA RANA CE FITILA

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Faris na ƙasar Faransa. A lokacin Sarki Sambo yana kan gadon sarautar Haɗejiya. Kyamarar farko tana bukatar haske mai yawa da kuma haƙuri, domin mutum zai zauna cikin rana bai motsa ba har sai hoto ya kama. Kayan kuma masu nauyi ne, ba su jure doguwar tafiya. Shi ya sa da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya ratsa ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, da alƙalami da zanen hannu ya koma gida. Ya rubuta labarin Sarki Buhari da yadda ƙasashen maƙwabta ke shakkarsa, amma fuskar Buhari, wanda ya rasu a 1863, a bakin maroƙa da masu tarihi kaɗai muka gaje ta.

A bakin teku sana'ar ta fara kafuwa a ƙasar nan. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufo Arewa. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Bini, Oba Ovonramwen, a 1897, sa'ad da Turawa suka tuɓe shi suna kan hanyar kai shi Kalaba. A Amurka kuwa kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Brownie a 1900, ana sayar da ita dala 1. Saboda haka a lokacin da sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya a ranar 25 ga Afrilu, 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada, kyamara ta riga ta zama abin da hafsa ko joji zai iya jefawa cikin akwatin tafiyarsa.

Ga talaka kuwa, jirgin ƙasa ne ya kawo hoto kusa. Dogo ya isa Kano a 1911, Sabon Gari ta cika da 'yan kudu da mutanen Gwalkwas da Saliyo masu sana'o'i iri iri, har da hoto. A 1930, zamanin Sarki Usman, aka kammala reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Malam Madori. Hanyar da gyaɗa ta bi ta fita, ta nan baƙi da sababbin sana'o'i suka shigo. Dattawanmu suna tuna mai hoto na bakin kasuwa, da akwatinsa na katako mai ƙafa uku, yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ɗauka ya wanke a cikin akwatin nan take. Wannan mutum ba shi da fitila sai rana. In hadari ya haɗo ko Magariba ta kawo jiki, sai ya naɗe kayansa. Yawancin iyayenmu ma dole ce ta fara kai su gabansa, ko fasfo na aikin Hajji, ko lasin tuƙi, ko takardar neman aiki a En'e.

GARIN ALBARUSHI

Turawa kuwa tun da wuri suka shiga neman yadda za su ɗauki hoto inda rana ba ta kaiwa. Suka gano cewa wani farin ƙarfe mara nauyi mai suna maganiziyam, in aka cinna masa wuta, yana ci da haske fari fat kamar na tsakar rana. A 1864 aka fara ƙera zarensa don sayarwa a birnin Mancesta. Shekara guda bayan haka, a 1865, wani masanin taurari na ƙasar Sikotlan mai suna Charles Piazzi Smyth ya shiga da shi cikin babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, ya ɗauki hotuna a cikin duhun ɗakunanta. Babban abin da ya dame shi shi ne hayaƙi, domin da zarar zaren ya ci, sai farin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, aiki ya tsaya.

A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin maganiziyam da wani sinadari irin wanda ake sawa a kan tsinken ashana. Wannan gari ba ci yake yi a hankali ba, tashi yake yi fau, kamar albarushin bindigar maharba. Mai hoto zai zuba shi a kan wani faranti mai mariƙi, ya ɗaga sama da hannu ɗaya, ya buɗe idon kyamara, sa'an nan ya kunna. Hoto yakan fito, amma sau da yawa tare da ƙonannen gemu da hannun riga. Wani ɗan jarida a birnin Niyok, Jacob Riis, ya yi amfani da garin wajen ɗaukar hotunan ɗakunan da matalauta ke kwana a cunkushe, ya buga su a littafinsa na 1890, hotunan suka taimaka wajen gyara dokokin gidajen haya. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya taɓa cinna wa gidan da yake ɗauka wuta, da yadda ya taɓa ƙona kansa. Masu hoto da dama sun rasa yatsu da idanu, wasu har rayukansu, wajen haɗa wannan gari ko ajiye shi.

Abin lura a nan shi ne, mai garin albarushi bai isa ya yi gaggawa ba. Bayan kowane hoto sai ya jira hayaƙi ya washe, faranti ya huce, kafin ya sake zubawa, domin zuba gari a kan faranti mai zafi sayen gobara ne da kuɗi.

ƘWAN DA KE MUTUWA DA HOTO GUDA

Dabara ta gaba ita ce a kulle wutar a cikin kwalba. A 1929 aka fara sayar da wani ƙwan fitila mai suna Vacublitz a Jamus, a 1930 kuma kamfanin General Electric ya fito da nasa. Kamanninsa kamar ƙwan lantarki na gida, amma an cusa masa siririn fallen alminiyam da iskar oksijin. Da ɗan batir ya taɓa shi, sai abin da ke ciki ya ƙone ƙurmus cikin ƙiftawar ido. Hayaƙi ya ƙare, ƙara ta ragu, amma zafi yana nan. Ƙwan da ya gama aiki ba ya taɓuwa da hannu, har sai da aka yi wa mariƙinsa wani ɗan maɓalli mai tunkuɗo shi waje. Wani lokaci kuma yakan fashe, gilashi ya watsu a fuskar wanda ake ɗauka, wannan ya sa aka riƙa shafe shi da wani irin fenti mai riƙe tarwatsi.

Kowane ƙwai hoto ɗaya yake yi, sai a jefar. Ɗan jaridar da zai ɗauki hoto 20 da dare sai ya cika aljihunsa da ƙwai 20. A 1965 aka fito da wani ɗan dunƙule mai fuska huɗu, kowace fuska da ƙwanta, wanda ake ɗorawa a kan ƙananan kyamarori na Kodak Instamatic, yana juyawa da kansa bayan kowane hoto. Wasu daga cikin malamanmu da suka yi karatu ko aikin Hajji a shekarun 1970 za su tuna shi, da yadda yake fitowa a ƙone, da ɗumi, da warin roba.

A nan ma tsada ce ta hana gaggawa. Wanda ya san duk dannawa ɗaya kuɗin ƙwai ɗaya ce, ba zai danna ba sai kowa ya gyara hula ya dubi gaba.

WALƘIYA A CIKIN KWALBA

Filash ɗin da muka sani yau ya samo asali daga aikin Harold Edgerton, wani malamin injiniya a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, wanda tun daga 1931 ya riƙa sarrafa fitilar da ke walƙawa ta sake walƙawa ba tare da ta ƙone ba. Da ita aka ɗauki hotunan gaɓar Nomandi daga jirgin sama cikin dare, gab da saukar sojojin ƙawance a watan Yunin 1944. Da ita kuma ya ɗauki hoton harsashi yana ratsa tuffa a 1964. Na farkon manya ne masu nauyi. Sai a shekarun 1960 da 1970 suka ƙanƙance har suka hau kan kyamara, suka kori ƙwai daga kasuwa.

Bambancin da filash ya kawo a Afirka ta Yamma yana bayyane a aikin mutum biyu na birnin Bamako. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, mutane a tsaye ko a kishingiɗe, cikin natsuwa. Malick Sidibé kuwa, da ya biyo bayansa, sai ya rataya kyamara da filash ya riƙa bin wuraren bukukuwan samari da dare a shekarun 1960, yana kama mutane suna tsakiyar rawa da dariya. Wannan aiki ne ya kai shi ga samun babbar lambar yabo ta bajekolin fasaha na birnin Banis a 2007. Filash ne ya shigar da kyamara cikin dare da cikin ɗaki, inda rabin rayuwar mutane take.

To, yaya yake aiki? A nan zan ari allon malaminmu. Batir huɗu na rediyo da ke cikinsa ba su wuce bolt 6 ba. Wata 'yar na'ura ce ke ɗaga wannan wuta zuwa kimanin bolt 300, tana tara ta a cikin kafasita, ɗan uwan wanda mai gyaran fanka ke canza mana, sai dai wannan ya fi shi ɗaukar kaya. Siririn kukan nan da tsofaffin filash ke yi kamar na sauro, alamar tara wutar ke nan. Da an danna, sai duk abin da aka tara ya zube lokaci guda ta cikin wata siririyar kwalba mai ɗauke da iskar zenon, a cikin kimanin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Babban filash na kan kyamara, in ya buga da cikakken ƙarfi, yakan saki kimanin abin da ƙwan lantarki mai wat 60 zai sha a daƙiƙa guda. Tun da kuwa a cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ya sake shi, a wannan ɗan taƙin ƙarfinsa ya kai na ƙwai 1,000 an kunna su tare.

Ba duk wannan wuta ke zama haske ba. Kaso mai yawa zafi yake zama, kuma yana zama ne a cikin wani ɗan gida na roba wanda ba shi da taga. Kwalbar ta yi zafi, na'urar ɗaga wuta ta yi zafi, batir ma ya yi zafi. In aka ba shi lokaci, zafin zai sulale ta jikin robar ya fita. In kuwa aka sake bugawa kafin na farko ya fita, sai ya hau kan na baya, har gilashin roba na gaban fitilar ya yi rawaya ko ya narke. Shi ya sa littattafan da kamfanoni ke haɗowa da filash suke gargaɗin cewa bayan bugu 15 zuwa 20 a jere da cikakken ƙarfi, a bar shi ya huta na aƙalla minti 10. Ashe yaron nan bai ƙara ko minti ɗaya a kan abin da masu ƙera kayan suka faɗa ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

YADDA FIM YAKE HUTAR DA FILASH

Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne, me ya sa ba mu taɓa ganin filash ya ƙi aiki ba sa'ad da muke makaranta? Mu da muka yi sakandare a farkon sarautar Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gado a 2002, mun riski ƙarshen zamanin fim. Kowa zai tuna mai hoton da ke zuwa ranar ziyara a kan babur, da jakarsa a rataye, da kyamara irin su Yashica ko Pentax a wuya. Za mu tuna aron takalmi da agogo, da tsayuwa a gindin bishiyar maina ana riƙe da littafin da ba a taɓa buɗewa ba. Za mu tuna layin hoton fasfo na jarrabawar WAEC da NECO, an kafa farin ƙyalle a jikin bangon aji. Za mu kuma tuna jiran mako guda ko biyu, kafin fim ya je Kano a wanke ya dawo a hannun direban tasha.

Fim guda hoto 36 yake ɗauka, wani 24. Kowane ɗaya kuɗi ne: kuɗin fim, kuɗin wanki, kuɗin mota. Saboda haka mai hoto ba ya dannawa sai ya karɓi rabin kuɗi, ya rubuta suna da aji a littafinsa, ya gyara maka kwala, ya ce ɗaga haɓa, ya ja da baya, ya murɗa fim. Kafin ya gama wannan duka, minti biyu ko uku sun wuce, filash ya huce sarai. Batir ɗin da yake saye a shagon bakin titi ma ba shi da ƙarfi, sai ya ɗauki lokaci kafin 'yar jar fitilar baya ta kama. In fim ya ƙare kuma sai an tsaya an naɗe shi an sa wani. Watau tsadar fim da raunin batir su ne suka riƙa ba filash hutun da yake bukata, ba tare da kowa ya lura ba.

DA KIƊA YA CANZA

Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar farko da ba ta bukatar fim a 1975. Abin da ya fara a ɗakin gwajin kamfanin shi ya zo ya ci kasuwarsa, har Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Janairun 2012. A nan gida kuwa wayar salula ta shigo a 2001, ba a daɗe ba ta zo da kyamara a jikinta, masu hoto kuma suka koma kyamarar kati ɗaya bayan ɗaya.

Kati guda yana ɗaukar dubban hotuna, kuma dannawa ba ta cin ko kwabo. Batir mai caji ya zo, wanda ke cika kafasita cikin daƙiƙa biyu ko uku. Duk shingen da ke tsakanin hoto da hoto ya faɗi. Bukukuwanmu kuma suka ƙaru suka tsawaita: kamu, sa lalle, wuni, ɗaurin aure, liyafar dare, kowanne da ɗaruruwan mutane masu son a ɗauke su sau uku don su zaɓi ɗaya. Mai hoton da a da yake ƙare biki da fim biyu, yau yana komawa gida da hoto fiye da dubu.

A wannan zamani ne zafin filash ya zama abin magana a duniya. A 2008 kamfanin Nikon ya fito da wani babban filash mai lamba SB-900, ya sa masa ma'aunin zafi wanda ke kashe shi gaba ɗaya in ya kai wani mizani, don kada ya lalace. Masu hoton bukukuwan aure a ƙasashe da dama suka yi ta kuka, cewa yana mutu musu a tsakiyar aiki. A ƙarshen 2011 kamfanin ya maye gurbinsa da SB-910, wanda maimakon ya ɗauke ɗif, sai ya riƙa jinkirta bugu in ya ji zafi. A 2016 kuma ya fito da SB-5000, wanda aka sa wa 'yar fanka a cikinsa. Sauran kamfanoni ma kowanne yana da irin tasa kariyar. Ke nan filash ɗin da ya tsaya ba lalacewa ya yi ba, kansa yake ceta.

Sai mu ɗora yanayin ƙasarmu a kan wannan. Yawancin kamfanonin kyamara sukan rubuta cewa an yi kayansu don aiki tsakanin digiri 0 da 40 a ma'aunin Salshiyas. A Haɗejiya kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kansa yakan haura 40. Baƙar na'urar da ta wuni a ƙirjin mutum cikin ɗakin kwano ta riga ta cinye rabonta na zafi kafin a fara. A shekarun 2022 zuwa 2024 Ƙaramar Sallah ta faɗo a tsakiyar bazara, kuma a lokacin muke taro. Akwai kuma wata ƙa'ida da aka koya mana a aji huɗu, cewa in nisa ya ninka biyu, hasken da ake bukata ya ninka huɗu. Hoton mutum ɗaya daga taku biyu ba ya cin wuta sosai. Amma hoton sahu huɗu, da dare, a babban ɗaki mai dogon rufi, dole mai hoto ya ja baya da nisa ya buga da iyakar ƙarfi. Mun ajiye aikin da ya fi kowanne nauyi sai ƙarshen wuni, sa'ad da na'urar ta fi gajiya. Sauri, in ji masu iya magana, ya haifi nawa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Akwai wani abu da ya ƙara ba ni tsoro sa'ad da nake wannan bincike. Na nemi hotunan tarurrukanmu na shekarun baya daga 'yan uwa, sai na ji amsa kusan iri ɗaya: waya ta faɗa ruwa, kati ya ƙi buɗewa, an sace kwamfuta. Dubban hotunan da muka wahalar da filash a kansu, kaɗan ne suka tsira. Amma hoton ajinmu guda ɗaya tak da aka ɗauka da fim a gaban ofishin shugaban makaranta, da hasken la'asar, yana nan a albam ɗin mutum biyar da na sani.

Su ma na takardar ba su tsira daga haɗari ba. Mu mazauna kwarin kogi ne. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 sun shiga gidaje da dama a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da gefen Haɗejiya kanta. Wanda ruwa ya tasa cikin dare yara da hatsi zai ɗauka, ba albam ba. Hoton da ya jiƙe kuwa manne wa ɗan uwansa yake yi, in an ɓamɓare sai fuska ta biyo. Bangon da ya faɗi ana sake gina shi, amma hoton malamin da ya rasu ba a sake ɗaukarsa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya abu uku. Na farko, a mayar da babban hoto bayan sallar La'asar, a fili, kafin a ci abinci, tun dattawa suna nan kuma rana na ba da haskenta kyauta. Na biyu, in taro zai kai dare, a ɗauki mai hoto biyu, ko a tabbatar wanda aka ɗauka yana da filash biyu da zai riƙa musanyawa, a kuma biya shi kuɗin da zai ishe shi yin haka. In ya ce a jira, a jira. Na uku, duk wanda ke da tsohon hoton makaranta, ko na aji, ko na wasanni, ko na malamai, ya kawo wa sakatare a kwafa, a rubuta shekara da sunaye a baya tun masu gane fuskokin suna raye. Daga hotunan kowane taro kuma a zaɓi goma a wanke a takarda, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kan tudu.

Ga yaron nan mai hoto kuwa, in wannan mujalla ta kai hannunsa, ina ba shi haƙuri a madadin duk waɗanda muka ɗaga masa murya a wannan dare.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, Ya kuma haɗa fuskokinmu a taro na gaba.